Bursin binciken babban hutu: Faransa, Dakar, ko nan kusa Kaduna?

Laouali Ɗan Adar:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Malamai da yayye, shawara nake nema. Ina shekara ta biyu ta mastar a sashen tarihi, nan Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, in Allah ya yarda bana zan yi sutenansi, wato kare kundina gaban malamai, in shiga doktora. Wata gidauniya ta fitar da kira: za su ba ɗalibi kuɗin jirgi da na zama, ya je wata ƙasa ya yi bincike wata biyu ko uku tsakanin Yuni da Agusta. Saura kwana 24 a rufe. Suna son bayanin aiki shafi biyar, lissafin kuɗi, takardun sakamako, wasiƙar malamai biyu, sai wasiƙar gayyata daga inda mutum za shi. Ni ban taɓa fita ba, iyakata Illela ta Najeriya ranar kasuwa. Taken aikina "Tarihin ƙaura a Nijar daga 1900 zuwa 1960", kuma raina ya fi kwanta da Faransa, gidan adana takardun mulkin mallaka na Aix-en-Provence. Ta ina zan kama?

Ɗan Ƙonni:
Wa alaikumus salam. Daga Illela sai Faransa? Ƙanena ba ka da tsakiya kenan. 😂

Issoufou (mai kula da zaure):
Ɗan Ƙonni a bar yaro ya sha iska. Laouali, abu na farko, ka tabbata kiran ma naka ne. Da yawa daga cikin waɗannan bursi na "lokacin zafi" da ake turowa zauren nan ba mu aka yi wa ba. Misali ƙungiyar WARA, mai tallafa wa bincike kan Afirka ta Yamma, tana da wanda ɗalibi ke zuwa Afirka ta Yamma wata biyu zuwa uku, amma na ƴan Amurka ne masu karatu a jami'o'in Amurka. Namu shi ne tallafin tafiya na cibiyarsu ta Dakar, WARC, wanda ɗan Afirka ta Yamma ke nema don ya je wata ƙasar Afirka. Sunan ya yi kama, ƙofa ce daban. Ka karanta layin da ya faɗi wanda ya cancanta sau uku kafin ka kashe ko dala a fotokopi.

Laouali Ɗan Adar:
Na duba yaya Issoufou. An rubuta ɗaliban jami'o'in Afirka ta Yamma, kuma mutum na iya zuwa Afirka ko Turai.

Nana Hadiza:
Sun nemi kuɗin buɗe dosiye? In sun nema, ka gudu. Shekara biyu da suka wuce ni da ƙawata mun tura jika 25 kowace ta waya, wai kuɗin "tabbatar da gurbi" a wata jami'ar Kanada. Har takarda mai tambari suka aiko mana, da sunana an rubuta shi da kyau fiye da yadda yake a takardar haihuwata. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. Har yau ban faɗa wa babana ba.

Laouali Ɗan Adar:
Subhanallah. A'a, ba su nemi komai ba, kuma malaminmu ne ya liƙa kiran a ƙofar sashe.

Dakta Rakia:
Laouali, bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Na taɓa zama cikin masu tace irin wannan dosiye, sau biyu, ba zan faɗi na wace gidauniya ba. Taken nan naka da na gani, da na ajiye shi gefe tun shafin farko. Ba don ba shi da kyau ba. Don ba aikin wata uku ba ne, aikin rayuwar mutum uku ne. Ƙaura a Nijar cikin shekara 60? Ta Zabarmawa masu zuwa Kumasi da Akara? Ta Buzaye bayan yaƙin Kawsan na 1916 da 1917? Ta ƴan cin rani? Ta alhazai masu bin ƙasa su yi shekaru a Sudan? Wacce?

Mai tacewa yana da tarin dosiye a gabansa, shayinsa ya huce, kuma tambaya uku kawai ke kansa. Me yaron nan yake son sani? Me ya sa sai can za a same shi, ba a gida ba? In mun ba shi kuɗin, ran da ya dawo me zai riƙo a hannu? Duk dosiyen da ya amsa waɗannan a sakin layi na farko ya riga ya wuce rabin ƴan'uwansa. Yawancin namu kuwa sukan cinye shafi biyu suna gaya mana Nijar ƙasa ce mai faɗi da ba ta da teku. Mun sani, a ciki muke.

To ka faɗa mini da Hausa, kamar kana gaya wa kakarka: mene ne ya sa ka fara son wannan magana ta ƙaura?

Laouali Ɗan Adar:
Gaskiya Dakta, daga gida ne. Kakana ya sha ba mu labari cewa ubansa ya kwashe iyali da dare suka tsallaka ƙasar Ingilishi saboda lanho, wato haraji, da aikin tilas. Suka zauna wajen Gwadabawa shekaru, sannan rabi suka dawo, rabi suka zauna. Har yau muna da dangi can, ana zuwa biki da gaisuwa. Abin da ke damuna shi ne ban san ko su kaɗai ne ba, ko gari-gari aka riƙa tashi, kuma me Nasara suka yi a kai.

Dakta Rakia:
To ga dosiyenka nan ka rubuta shi cikin layi huɗu, ka bar shi kana yawo da "1900 zuwa 1960". Gudun lanho da aikin tilas daga ƙasar Ƙonni da Adar zuwa lardin Sakkwato. Ka yanke shekaru. Ni da zan ba ka shawara, 1930 zuwa 1946. Akwai yunwar 1931 a ciki. Akwai lokacin yaƙin duniya, da Afirka ta Yamma ta Faransa ta bi gwamnatin Vichy, mai biyayya ga Jamus, ƙarƙashin gwamna Boisson daga 1940 har Nuwamba 1942, iyakar nan ta zama iyakar abokan gaba. Sannan ka rufe da dokar 11 ga Afrilu 1946 da ta soke aikin tilas, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. Da farko da ƙarshe, da dalilin kowanne. Wannan mutum zai iya cewa zai taɓa shi cikin wata uku ba a yi masa dariya ba.

Maman Sani:
Dakta ta gama magana a kan take. Ni kuma bari in taɓo wurin zuwa, domin na yi wata biyu a Dakar kan aikina na doktora. Laouali, takardun da kake nema asalinsu ba Aix suke ba. Da Faransa ta tashi, takardun babbar gwamnatin Afirka ta Yamma, wato AOF, an bar su a Dakar, suna gidan adana takardu na Senegal. Abin da ke Faransa na wannan rukuni hoto ne aka ɗauka a kan mikrofim. Aix tana da nata, takardun ma'aikatar mulkin mallaka ta Paris, kuma suna da amfani, amma rahoton da gwamnan Nijar ke aika wa babban gwamna, Dakar ya nufa. Ka nemi jerin 2G, rahotannin wata-wata da na shekara. Ka nemi 11G, al'amuran siyasar Nijar. Ka nemi K, maganar aiki da leburori. In ka sa waɗannan lambobi cikin bayaninka, mai karantawa zai gane ba yawon buɗe ido za ka ba.

Ranar da aka fara kawo mini kwali, ban manta ba. An ɗaure shi da igiya, na kwance, ƙura ta tashi na yi atishawa har wani dattijo da ke gefena ya ɗago kai. Takardar sirara ce irin ta kwafin tafireta, harafin ya yi shuɗi-shuɗi, gefenta na karyewa in ka matsa. Fensir kaɗai na riƙe. Ina cikin bi layi-layi sai ga sunan ƙauyenmu, an rubuta shi a karkace yadda kunnen Bafaranshe ya ji, da adadin mutanen da suka biya da waɗanda "ba a same su ba". Na yi minti goma ban juya shafi ba. Waɗanda ba a samu ɗin nan, Laouali, su ne kakanninka.

Abu ɗaya: ka rubuta musu tun yanzu ka tambayi inda ɗakin karatu yake da lokutan buɗewa, don sun taɓa sauya wuri. Kuma kada ka lissafa cewa kullum za ka karanta kwali goma. Wata rana wanda ka nema ba a gan shi ba, wata rana ruwan Agusta ya tsare ka a unguwa.

Zeinabou:
Ƙari a kan maganar Faransa. Ofishin jakadancinsu na Yamai a rufe yake tun Janairu 2024. Babu inda za ka ajiye takardun biza a nan, sai ka fita wata ƙasa, in ma sun yarda su karɓa daga wanda ba mazaunin can ba. Kuɗin bizar Shengen kaɗai yuro 90 ne, wato jika 59 da ƴan kai, kuma in sun hana ba a maido maka. Ga inshorar lafiya da dole ta kai yuro 30,000. Ga kuɗin zuwa inda za ka nemi bizar da zaman jira. Gidauniya in ta ga duk shirinka ya rataya a kan bizar da ba tabbas, tsoro za ta ji ta ba ka. Dakar kuwa ba biza, kuma sefar da ke aljihunka ita ce a can.

Ɗan Ƙonni:
To ba mun fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, ba? Ko an maido mu ban ji ba?

Zeinabou:
Mun fita, 29 ga Janairu 2025. Amma a ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku, Nijar da Mali da Burkina Faso, a bar su su yi zirga-zirga ba biza har sai an sake sanarwa. Kuma muna nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa, tare da Senegal. Duk da haka kafin ya sayi tikiti ya sake tambaya, irin wannan magana kan sauya. Ya kuma nemo katinsa na rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa.

Mushe Harouna (Tawa):
Ina ta karantawa ina jinjina kai. Ni malamin tarihi ne a lise nan Tawa, shekarata 19 da alli a hannu. Ku gafarce ni, amma wannan abu yana ba ni haushi. Yaro ɗan Adar zai hau jirgi ya je bakin teku ya tambayi takardar kumandan Nasara labarin kakansa. Kumandan da ya aza lanhon, shi ne kuma zai ba da shaida? Ga tsofaffi nan a Illela ta Nijar, a Bagga, a Ƙonni, kowace damina muna binne su da abin da ke cikinsu. Wanda aka haifa a 1935 yau ya kai 90 ko ya doshe ta. Takardar Dakar ta jira shekara 80, za ta ƙara jiran biyar. Tsoho ba zai jira ba. Da kuɗin jirgin nan kaɗai sai ya zaga ƙauye talatin da rakoda.

Kuma wa ya ce Yuni zuwa Agusta hutu ne? Hutun Turawa ne. Mu nan lokacin shuka da noma ne. Laouali, wa zai kama wa mahaifinka gona?

Laouali Ɗan Adar:
Mushe, maganar gona ta taɓa ni, don ni ne babba. Na yi magana da baba, ya ce in dai karatu ne in tafi, ƙannena biyu na nan, in kuma an samu wani abu a sa ƴan ƙwadago.

Maman Sani:
Mushe Harouna, ban ƙi taka ba, amma takardar kumandan ba don a gaskata shi ake karanta ta ba. Ana karanta ta ne a kama shi. In ya rubuta wa Yamai cewa mutane kaɗan ne suka gudu, ka san yana kare kujerarsa ne. Sai ka ga bayan wata shida shi ɗin dai yana roƙon a rage wa wani kanto lanho don "garuruwa sun zama kufai". Tsoho zai gaya maka daren da suka tashi, da jakin da ya mutu a hanya, da wanda ya sauke su. Amma da wuya ya ce maka shekara kaza ce, ko nawa aka aza wa kowane kai a shekarar. Kowanne da abin da ya riƙe.

Mushe Harouna (Tawa):
To a fara da mai mutuwa.

Dakta Rakia:
Ku biyun duk ku shiga dosiyen. Da gaske nake. Mushe ya ba Laouali abin da ɗalibin Paris ko na Boston ba shi da shi: harshe, dangi a ɓangare biyu na iyaka, da tsofaffin da za su buɗe masa baki don sun san kakansa. Laouali, kafin ranar rufewa ka je gida ko kwana huɗu ne, ka zauna da tsoho uku ko huɗu, ka ɗauki magana da izininsu. Sai ka rubuta: na riga na yi hira da mutum kaza, sun ambaci garuruwa kaza da sunan sarakuna kaza, yanzu ina so in bi waɗannan sunaye cikin rahotanni. Haka kuma ka shiga gidan adana takardu na ƙasa nan Yamai, da laburaren IRSH, cibiyar bincike ta jami'arku, ka ga abin da ke akwai na da'irar Ƙonni da Tawa. Babu abin da ke kashe dosiye kamar a ce za ka ƙetare ƙasashe neman abin da ke bayan gidanku ba ka leƙa ba. Ka nuna ka cinye na gida, ga inda ya ƙare, shi ya sa kake neman fita.

Ɗan Ƙonni:
Ni fa ina da tambaya ta jahilci. Mutanen nan Najeriya suka gudu ko Senegal? In Najeriya ne, me ya sa ba wanda ya ce ya je inda suka sauka?

Dakta Rakia:
Ɗan Ƙonni, yau ka biya kuɗin zamanka a zauren nan.

Maman Sani:
Wallahi ya yi gaskiya, kaina ya tafi Dakar don can na sani. Gidan adana takardu na Kaduna yana da fayilolin lardin Sakkwato, ana kiransu SOKPROF. Ingilishi su ma suna rubuta masu shigowa daga ƙasar Faransi, don ƙarin kai ƙarin haraji ne gare su. Ga Gidan Arewa nan Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Sakkwato kuma ga ofishin tarihi na Waziri Junaidu. Ka ɗauki shekara guda, ka ajiye abin da kumandan Ƙonni ya rubuta kusa da abin da Di'o na Sakkwato ya rubuta, ka sa maganar tsoho a tsakiya. Wannan aiki ne da ni kaina zan so in karanta.

Kuma iyakar ma ai tana da nata labari. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira ta mil 100 kewaye da Sakkwato ta ba Ingila, Faransawa suka rasa hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara. Ka ga mutanen da ake cewa sun "ƙetare iyaka" a 1931, iyakar ba ta girmi wasunsu ba.

Laouali Ɗan Adar:
To amma Sakkwato ƙasar waje ce? Ina jin kunya in rubuta wa gidauniya cewa ina neman bursi in je inda gwaggona take aure.

Ɗan Ƙonni:
A takarda ƙasar waje ce. Akwai duwan, akwai tuta, akwai mai karɓar na goro. Me kuma ya rage? 😂 Daga Ƙonni ko kilomita 100 ba ta kai ba, ka ci tuwon gwaggo ka ajiye kuɗin otel.

Issoufou (mai kula da zaure):
Kada ka ji wannan shawara ta ƙarshe. Abin da ka rubuta a lissafi shi za ka kashe, kuma ka riƙe rasit na komai. In gwaggo ce za ta sauke ka, ka faɗa, ka sa kuɗin a wani abu na gaskiya kamar ɗaukar hoton takardu ko biyan wanda zai raka ka ƙauyuka.

Dakta Rakia:
Kada dai a sake faɗaɗa abin da muka sha wuya muka matse. Wata uku ba za su ɗauki Dakar da Kaduna da Sakkwato da ƙauyukan Adar ba. Ka zaɓi ɗaya bana, ka ambaci ɗayan a matsayin mataki na gaba. Yaya Ingilishinka yake? Fayilolin Kaduna da shi aka rubuta, wasu ma da hannu.

Laouali Ɗan Adar:
Ina karantawa da ƙamus a gefe. Magana ce dai sai a hankali. Shi ma bayanin aikin sun ce da Faransanci ko Ingilishi, duk wanda mutum ya so.

Dakta Rakia:
To rubuta da Faransanci, harshen da kake iya kare kanka da shi. Kada ka zuba shi cikin na'urar fassara ka aika abin da kai kanka ba ka iya karantawa. Muna gane su, duk kamanninsu ɗaya, sumul ba ƙashi. Ni a ganina Dakar bana, tunda Faransancinka ya nuna kuma nan ne tushen tambayar, Kaduna kuma in ka shiga doktora ka ƙara ƙarfin Ingilishi. Amma ka ji ta bakin malamin da ke duba aikinka, shi ya san ka.

Mushe Harouna (Tawa):
Ni har yanzu Kaduna ta fi kwanta mini, ko ba komai zai yi magana da mutane da Hausa, kuma kuɗin mota bai kai na jirgi ba. Amma tunda an sa tsofaffi a gaba, na sauko rabi. Laouali, in ka zo Tawa ka neme ni. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya yi aikin hanya yana yaro, yana ɗaukar wa manya ruwa. Hankalinsa garau, sai dai kunne. Da safe ake samunsa, bayan ya sha fura.

Zeinabou:
Bari in dawo da ku kan abin da ke kayar da mutane da gaske, wasiƙu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana 24 ɗin nan, na malamai ne ba naka ba. Ni na samu bursin DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, na ɗan gajeren zama a can kan aikin ƙasar noma, amma sai a nema na biyu. Na farko wasiƙa ce ta kashe ni. Wani malamina ya ce "ba matsala ɗiyata", na koma sau biyar, kullum ba matsala. Daren rufewa na same shi ya sa hannu, na ruga wani siber da ke kusa da mu, ƙarfe tara da rabi. Ina cikin sikanin aka ɗauke wuta. Mai wurin ya fita ya ja janareto, igiyar ta tsinke a hannunsa. Muka ɗaura, ya tashi, kwamfuta ta ɗauki minti goma tana farkawa. Na ɗora takarda, shafin ya ce ta yi nauyi. Kafin yaron ya rage mata nauyi rizo ya tafi. Ina zaune da goyon Abdul a bayana yana kuka, ina kallon agogon bango har lokaci ya wuce. Na biya jika ɗaya na fito, ko sallama ban yi ba.

Don haka gobe da safe ka je wurin malaman nan biyu. Kada ka je hannu sake. Ka kai musu kiran a buge, da takardar tarihin karatunka, da shafi ɗaya na abin da za ka yi, da ranar da kake so su gama, ka rage mako guda daga ta gaskiya. Ka duba ko su ne za su aika da kansu ta imel, don wasu gidauniyoyi ba sa karɓa daga hannun ɗalibi. Ka nemi malami na uku ka ajiye ko da ɗaya ya yi tafiya. Ka kuma duba agogon wace ƙasa aka rufe da shi. Dakar tana bayanmu da awa ɗaya, Jamus a lokacin zafinsu tana gabanmu da awa ɗaya. Ka aika saura kwana uku, ka kwana lafiya.

Nana Hadiza:
Yaya Zeinabou, da kika samu, yaya kika yi da yaron? Ni abin da ke hana ni nema kenan. Maigida bai hana ba, amma uwar miji ta ce mace da goyo ba ta ƙetare ruwa.

Zeinabou:
Lokacin an yaye shi, na bar shi wurin innata a Dogon Dutsi. Sati biyun farko kullum sai na yi kuka a ɗaki. Uwar miji kuwa ba ni na tunkare ta ba, malamina na roƙa ya zo gida da kansa ya gaishe ta ya yi mata bayani, ta ga furfurarsa ta sauko. Ki same ni ta gefe mu yi magana, wannan ba ta zaure ba ce.

Laouali Ɗan Adar:
Saura wasiƙar gayyata. Ban san kowa a Dakar ba.

Maman Sani:
Malaminka ya sani. Sashen tarihi na Jami'ar Sheikh Anta Diop da cibiyar bincikenta IFAN cike suke da mutanen da suka yi karatu ko taro da malamanmu. Wasiƙa daga malami zuwa malami ta fi saurin samun amsa a kan ta ɗalibin da ba a sani ba. Ita ma WARC tana karɓar masu bincike su jingina da ita, tana unguwar Fann kusa da jami'a, ka rubuta ka tambayi sharaɗinsu. In za ka rubuta da kanka, layi takwas ya isa: ko kai wane ne, tambayarka, watannin da za ka zo, da cewa kuɗi ba daga gare su kake nema ba, takarda kawai. Ka yi da wuri, don daga ƙarshen Yuli malamai kan watse.

A lissafi kuma kada ka yi kunya, kada ka yi haɗama. Haya a Dakar ta fi ta Yamai nesa ba kusa ba, ka tambayi ɗaliban Nijar da ke can farashin ɗaki na yau, kada ka ƙirƙira. Filin jirgin Blaise Diagne yana wajen gari sosai, ka sa kuɗin motar shiga. Ka je kamfanin tafiya su buga maka farashin tikiti ka liƙa. Sannan ka tambayi gidauniyar yaushe kuɗin ke shigowa. Ni nawa sai da na yi kwana 18 a can suka iso, da bashin wani ɗan Maraɗi mai sayar da kilishi na rayu. Ka tanadi abin da zai riƙe ka ko sati biyu.

Issoufou (mai kula da zaure):
Wani abu da ba a taɓo ba: kalandar jami'a. Kowa ya san shekarar karatunmu takan zarce. Ka tabbata sutenansinka ba zai faɗo cikin Yuli ba, in kuma zai faɗo, ka daidaita da sashe tun yanzu a rubuce.

Laouali Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na gyara, ku duba mini:

"Tsakanin 1930 da 1946 iyalai da dama daga ƙasar Ƙonni da Adar sun tsallaka lardin Sakkwato don gudun lanho da aikin tilas. Ina so in gano garuruwan da suka fi tashi, shekarun da abin ya fi tsanani, da matakin da hukumar Faransa ta ɗauka a kan sarakunan da mutanensu suka gudu. Na fara tattara maganar tsofaffi a yankin Tawa. Ina neman wata biyu da rabi a Dakar don bin waɗannan sunaye cikin jerin 2G, 11G da K."

Dakta Rakia:
Yanzu ka zo. Gyara biyu. "Iyalai da dama" ba ka tabbatar ba tukuna, shi ne abin da za ka je nema, ka ce maganar baka ta nuna haka. Kuma "na fara tattara" kada ta shiga sai ka fara ɗin. Ka ƙara layi ɗaya na abin da za ka dawo da shi: babi ɗaya na aikinka, da jerin fayilolin da ka gani wanda za ka ajiye wa sashe. Turo mini shafi biyar ɗin ranar Lahadi, zan bi da jan biro.

Laouali Ɗan Adar:
In sha Allah. Na sayi tikitin kar na Alhamis da asuba. Mushe Harouna, Juma'a da safe zan iso unguwarku, me zan riƙo wa tsohon?

Mushe Harouna (Tawa):
Goro fari da sukari. Kuma ka zo da batir na ajiya, in ya fara ba ya tsayawa.

Zeinabou:
Laouali, fasfo fa? Yaushe zai ƙare?

Laouali Ɗan Adar:
Yaya Zeinabou... ba ni da shi. Da katin ɗan ƙasa nake zuwa Illela.

Ɗan Ƙonni:
Wannan ne zai je Faransa. 😂😂

Zeinabou:
Fom ɗin gidauniyar ka duba ko yana neman lambar fasfo. In yana nema, kafin ka hau kar ɗin Alhamis ka fara kai takardunka a buɗe maka dosiye, ka riƙe rasit ɗin. Ka je da takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, kuma ka isa tun kafin bakwai, layin yana da tsawo.